Tafin hannu huɗu ne tsakaninka da kwalta

Ranar Asabar ɗin da ta gabata, bayan sallar La'asar, ina zaune a majalisarmu ta Kwarbai sai ga wani maƙwabcina, malamin makaranta mai ritaya, ya tsayar da motarsa a gaban rumfar mai faci yana fara'a. Ya fito da tayoyi biyu daga but, ya ce ya yi sa'a a Sabon Gari, ya samu 'yan Beljiyam masu kyau a kan abin da bai kai rabin kuɗin sababbi ba. Tayoyin kuwa baƙi wuluk, sai sheƙi suke yi, zanensu raɗau. Dattijon mai facin ya karɓi ɗaya, ya juya ta, ya goge gefenta da babban yatsa, ya yi shiru. Can ya ɗago kai ya ce, "Malam, ina za ka da su?" Ya ce Sakkwato, ɗaurin auren 'yar ƙaninsa, da iyali gaba ɗaya. Dattijon ya ce, "To, Allah Ya kai ku lafiya, amma wannan tayar ta girmi jikanka da ke aji uku."

Muka yi dariya, shi bai yi ba. Ya nuna mana lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye a gefen tayar: 1416. Tun daga ranar nake tunanin yadda muke ɓata mako guda muna zaɓen shadda ko wayar hannu, amma mu sayi abin da zai ɗauki rayukan iyalinmu cikin minti biyar.

Duk girman mota da tsadarta, abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ƙarfin inji, kamun birki da juyin sitiyari duk ta waɗannan wurare huɗu suke isa ga titi. Idan ɗaya ya saki, gwanintar direba kaɗan za ta yi amfani. Ba mu manta da ranar 6 ga Maris, 2016 ba, lokacin da ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe. Motar minista ce, ba ta haya ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Bari mu fara da lambobin da dattijon ya nuna. A gefen taya akwai jerin haruffa da ke farawa da DOT, kuma tun daga shekarar 2000 lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Ke nan 1416 na nufin mako na 14 na shekarar 2016. Roba tana tsufa ko ana hawanta ko tana ajiye a shago. Iska da zafi suna busar da ita, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa daga gefe. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana wayar da kai cewa shekara huɗu ne wa'adin taya daga ranar da aka yi ta. Kamfanoni irin su Michelin sun fi sassauci: sun ce daga shekara biyar a riƙa kai ta ga masani yana dubawa duk shekara, a shekara goma kuma a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba. Ko wanne ma'auni mutum ya ɗauka, tayar maƙwabcina ta riga ta ci zamaninta a wata ƙasa, sa'annan aka kawo ta nan ta yi ritaya a ƙarƙashin iyalinsa.

Akwai kuma abin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba, watakila don shi ma bai sani ba. Daga cikin tayoyin gwanjo da ke zuwa daga Turai akwai na hunturu, waɗanda aka yi wa roba mai laushi domin su kama ƙasa a sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7. Alamarsu hoton dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a ciki. Zanensu mai zurfi ne, shi ya sa suke ruɗar mai saye. Ɗora irin wannan a kwaltar Zariya zuwa Funtuwa da tsakar ranar Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, sai ta riƙa cinyewa da sauri, birki kuma ya ƙara nisan tsayawa.

Sai sauran rubutun. Ɗauki misalin 195/65 R15 91H, wanda ake yawan gani a ƙananan motoci. Lamba 195 faɗin taya ce da milimita, 65 tsayin gefenta ne idan an kwatanta da faɗin, 15 kuma girman rim da inci. Biyun ƙarshe su ne muka fi sakaci da su. Lamba 91 na nufin tayar za ta ɗauki kilo 615, ba fiye ba, harafin H kuma iyakar gudun da aka gwada ta a kai, kilomita 210 a sa'a. T na nufin 190, V kuma 240. Wanda ya sanya wa bas mai cin mutum goma sha takwas tayar ƙaramar mota, ya kuma ɗora buhunan masara a sama, ya san inda ya dosa. Bas da motar ɗaukar kaya suna buƙatar taya mai harafin C bayan lambar rim, wadda aka ƙarfafa gefenta. A tayoyi da yawa za ka ga kuma an rubuta darajar jure zafi da A, B ko C. A ƙasa irin tamu, A ce abin nema.

Matasa masu sha'awar tseren motoci sukan ɗauka cewa taya mai faɗi, mai siririn gefe, irin wadda suke gani a talabijin, ita ce ƙarshen inganci. Filin tsere darasi dabam yake koyarwa. A gasar Formula 1, inda kamfanin Pirelli kaɗai ke samar da tayoyi tun 2011, tsawon tseren kimanin kilomita 305 ne kawai, amma sai an tsaya an sauya taya a tsakiya. Dalili kuwa shi ne roba mai laushi ta fi kama ƙasa amma ba ta daɗewa, mai tauri ta fi daɗewa amma kamunta bai kai ba. Babu tayar da ta haɗa komai. A 2005, a filin Indianapolis na Amurka, motoci shida kacal suka yi tsere cikin ashirin, saboda kamfanin da ya ba sauran taya ya ce ba zai lamunci lafiyarsu a wata kwana mai tsananin gudu ba. Ƙwararrun direbobi goma sha huɗu suka haƙura a gaban dubban 'yan kallo. Mu kuwa taya na da ƙulu kamar ƙwan agwagwa, sai mu ce a maida ta baya, Allah Zai kiyaye.

Saboda haka tambayar farko ba wace taya ta fi kyau ba ce, a'a, wace hanya kake bi. Wanda zirga-zirgarsa daga Ƙofar Doka zuwa Samaru ce, ko Zariya zuwa Kano a kan kwalta, tayar titi mai roba mai ɗan tauri ta ishe shi. Wanda kuwa ke shiga ƙauyukan Giwa da Soba da damina, yana bin burji da gargada, yana buƙatar gefe mai tsayi da zane mai ƙarfi. Siririyar tayar gayu rami ɗaya ya isa ya tsinke zarenta, ya lanƙwasa rim.

Ko taya mafi tsada ba ta ƙarko idan iskarta ba daidai ba. Mafi yawanmu mai faci ke yanke mana hukunci, wani lokaci da geji mai ƙarya, wani lokaci da ƙwanƙwasa ƙarfe. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko murfin tankin mai, kuma a yawancin ƙananan motoci yana tsakanin 30 da 35. Lambar da ke jikin tayar kanta iyaka ce, ba shawara ba. Iska ta yi yawa, tsakiyar taya ke cinyewa, rami kuma ya fi yi mata illa. Ta yi kaɗan, gefen ya riƙa lanƙwasawa yana tara zafi har zanen ya rabu da jikin tayar ana cikin gudu. A auna da safe kafin mota ta yi tafiya, a duba har safaya. A riƙa sauya wa tayoyi wuri bayan kowane kilomita 8,000 zuwa 10,000, a gyara alaimen idan gefe ɗaya ke ci. A cikin kwarin zanen akwai 'yan tudu masu tsayin milimita 1.6; ranar da zanen ya yi daidai da su, tayar ta suɗe, ba za ta iya korar ruwan sama daga ƙarƙashinta ba. Idan biyu kawai aljihu zai iya, masana taya sun ce a sanya sababbin a baya, domin bayan mota idan ya zame ya fi wuyar shawo kai. In kuma ƙaddara ta sa taya ta fashe, kada a danna birki da ƙarfi. A riƙe sitiyari da hannu biyu, a sassauta totur a hankali har mota ta rage gudu da kanta.

Na san abin da mai karatu zai ce: wa ya ƙi sabuwa? Gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki Naira a 2023, farashin taya ya yi tashin gwauron zabi, kuma direban haya da ke biyan balas kullum ba don wauta yake sayen gwanjo ba. A nan laifin ya wuce kansa. Ƙasar nan tana da itatuwan roba a jihohin Edo, Delta da Kuros Riba, tana da cibiyar binciken roba a Iyanomo kusa da Benin, amma Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Ikeja a 2008. Tayoyin gwanjo suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta haramta shigowa da su, ga su kuma jibge a bakin titi a kowane gari. Hatta sababbin ba duka ne lafiyayyu ba, domin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta sha kama waɗanda aka cusa da yawa cikin guda ɗaya don rage kuɗin dako, abin da ke lalata wayar bakinsu tun kafin su taɓa titi. Dokar da ba a aiwatarwa, talaka ne ke biyan diyyarta.

Akwai abin da za a iya yi a nan gida ba sai an jira Abuja ba. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya tana nan Zariya. Me zai hana ta haɗa kai da ƙungiyar direbobi da ta masu faci a shirya horo na kwana biyu da Hausa, a koyar da karanta gefen taya, a kuma gwada gejin kowa? Fasinja ma yana da haƙƙin zagaya mota a tasha ya dubi tayoyinta kafin ya biya kuɗi. Ba rashin tawakkali ba ne; malamanmu sun sha gaya mana cewa sai an ɗaure raƙumi ake dogara ga Allah.

Maƙwabcina dai ya mayar da tayoyin washegari, bayan doguwar jayayya aka cire masa wani abu daga kuɗinsa. Ya cika ya sayi sababbi biyu na wani kamfani marar suna sosai, waɗanda aka yi bara, dattijon ya ɗaura masa su a baya. Ya ce mini kuɗin gudummawar biki ne ya taɓa, zai ba ƙaninsa haƙuri. Na ce masa ƙanin zai fi son ganinsa da rai a wurin ɗaurin aure. Kai ma mai karatu, kafin ka tayar da mota gobe da safe, durƙusa ka karanta lambobi huɗun nan.

Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.