Darasin Tsadar Rayuwa A Suleja

Tun da gwamnati ta janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, rayuwa ta yi tsanani a Suleja, har jama'a suka yi zanga-zanga a Fabrairun 2024. To, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Tsohon ƙarfe da roba da a da ake zubarwa a kwata, yanzu 'yan gwangwan ake kai wa. Randar ƙasa, sana'ar da Ladi Kwali ta ɗaukaka a garin nan, ita ce firjin talaka. Sai dai tsadar gas ta tura mata ga gawayi, dazuzzukan Jihar Neja kuwa suna ƙarewa. Lalle ne hukuma ta raba irin dashe, wanda ya sare itace ɗaya ya dasa biyu.