Hannun da ya shiga tukunya ba na wuta ba ne

A makon da ya shige an kawo mana wani yaro ɗan shekara bakwai zauren mai unguwa a nan zangon Kumasi, hannunsa na dama naɗe da tsumma. Laifinsa tsokar nama ɗaya ce da ya tsamo daga tukunyar miya. Marikiyarsa ta dangwala masa yatsu a ruwan zafi, wai don kada ya girma ɓarawo. Da aka bincika, sai muka tarar rabon yaron da abinci tun kokon safe, ga shi har an yi la'asar, 'ya'yan gidan kuwa kowa an ba shi kuɗin shinkafa da wake. Wannan ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Muna faɗa da babbar murya: ƙona hannun yaro, ko zuba masa barkono a ido, ko ɗaure shi a turke, ko yi masa waƙar ɓarawo a gaban tsararrakinsa, zalunci ne tsagwaronsa, ko da an laƙaba masa sunan tarbiyya. Addini bai zo da shi ba. Dokar yara ta Ghana ta 1998 ma ta haramta azabtar da yaro da wulaƙanta shi.

Masu wannan aiki kan kafa hujja da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba. Mu duba gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Jikansa Hasan ya ɗauki dabinon sadaka ya sa a baki yana ƙarami. Sai ya sa shi ya tofar, ya kuma gaya masa dalili, cewa mutanen gidansu ba sa cin sadaka. Agolansa, Umar ɗan Abu Salama, hannunsa na yawo a cikin akushi, sai ya koya masa bisimilla da cin abinci da dama da cin abin da ke gabansa. An hana, an koyar, ba a taɓa lafiyar kowa ba. Agola ne fa, ba ɗan cikinsa ba.

Malamanmu sun karantar da mu a Muwaɗɗa ta Imamu Malik yadda bayin Haɗib suka saci taguwa suka yanka. Da Sayyidina Umar ya fahimci yunwa ake gasa musu, sai ya juyar da hukuncin kan ubangidansu, ya ci shi tarar ninkin kuɗin taguwar, dirhami 800 a maimakon 400. Waɗannan balagaggu ne. To ina ga yaron da ba a ma fara rubuta masa zunubi ba? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kafin a tambayi yaro me ya sa ya ɗauka, a tambayi mai rabon tuwo nawa ta zuba masa, kuma yaushe. Yaron da ke ɓoye gaya a ƙarƙashin tabarma yana gaya mana bai amince gobe za a ba shi ba. Wannan ya fi yawa ga maraya da ɗan riƙo, waɗanda aka raba da ɗakin uwa.

Kada kuma masu shagwaɓa su ɗauka muna tare da su. Akwai gidajen da yaro zai fasa motar roba da safe, kafin magariba uba ya sayo wata. Ya yaga littafin yayarsa, a ce ai yaro ne. Ya kwaɗa wayar uwarsa da ƙasa, a yi dariya. Wannan ma cin amana ne. Shari'ar da ta ɗauke wa yaro zunubi ba ta yafe dukiyar mutane ba, abin da ya ɓata na wani sai an biya. Mu da muka ƙera motocinmu da kara da gwangwanin madara mun san yadda muke lallaɓa su, domin mun san wahalar da muka sha a kansu. Abin da ya zo a banza, a banza yake tafiya.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. A tsayar wa yaro lokacin cin abinci, a raba daidai tsakanin ɗan ciki da ɗan riƙo, a nuna masa inda zai ɗauka ba sai ya roƙa ba, da inda sai ya nemi izini. In ya ɗauki na wani, ya mayar da hannunsa, ya ba da haƙuri, a asirce ba a bainar jama'a ba. In ya fasa abin wasansa, ya zauna babu, ko a zauna da shi a gyara. In na wani ya lalata, a rage daga kuɗin kashewarsa har a biya. A zargi aikin, kada a raɗa wa yaron suna, domin wanda aka kira ɓarawo tun yana shekara bakwai, wata rana zai amsa.

Mu maƙwabta kuma mu daina cewa ba ruwanmu. Ihun yaron nan an ji shi a gida uku, babu wanda ya leƙo. In ɗa na kowa ne a ranar suna, to na kowa ne a ranar da ake ƙona shi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.