Alƙaluman Lafiya Daga Bakin Majiyyaci Suke Farawa

Idan ɗalibin kimiyyar harshe ya kammala digirinsa na farko, hanyoyin da ake nuna masa ba su wuce koyarwa, fassara ko aikin rediyo ba. Akwai wani fagen da ba a cika ambata ba, alhali ƙasa na matuƙar buƙatarsa: bincike kan fasahar tattara bayanan lafiya da nazarin alƙalumansu.

Ma'aikatar lafiya ta Nijar, kamar takwarorinta a ƙasashe sama da 70, tana amfani da manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar bunƙasa ta. Cibiyoyin lafiya suna tattara abin da ke cikin rajistarsu, a shigar a manhajar, ya isa Yamai. Da irin waɗannan rahotanni ake lissafin maganin da za a tura kowace gunduma, ake kuma gane ɓullar annoba kamar sanƙarau ko ƙyanda.

To amma kafin a rubuta lamba, sai da wani ya yi magana. Uwa a karkarar Maraɗi ta ce ɗanta na masassara. Jami'in lafiya ya saurara da Hausa, ya rubuta da Faransanci. Masassara na iya zama ta cizon sauro, tana iya zama zafin jikin da wata cuta dabam ta kawo. Kalmar shawara kuwa ta haɗa cututtukan da likitanci ya raba, daga ciwon hanta har zuwa shawarar da sauro ke yaɗawa. Inda akwai gwajin jini, gwajin zai raba gardama. Inda mutum ya rasu a gida, ba abin dogaro sai tambayoyin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a yi wa dangi domin gano sanadin mutuwar. A nan kalma ita ce shaida, kuma fassara marar kyau tana shiga ƙididdigar ƙasa ba tare da kwamfuta ta lura ba.

Wannan aikin mai nazarin ma'ana da karin harshe ne. Yaya Bagobiri, Ba'adare da mutumin Damagaram ke kiran ciwo ɗaya? Wace kalma ce kunya ke hana mace furtawa gaban namiji, kuma da me take sakaya ta? Kowace tambaya ta isa kundin digiri na biyu ko na uku.

Za a ce fagen na likitoci da masana lissafi ne. Gaskiya ne sai ɗalibi ya koyi ƙididdiga, da sarrafa bayanai a kwamfuta, da ƙa'idar riƙe sirrin majiyyaci, kuma hanyar tana da tsawo. Amma su ma likitocin ba a horar da su kan ma'anar kalma ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya kamata malamanmu na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa su haɗa kai da sassan likitanci wajen duba kundayen ɗalibai. A fara da ƙamus na kalmomin ciwo, wanda aka tattara daga bakin majiyyata, yanki bayan yanki.