Ruwa ya yi sallama, gwamnati ce ba ta amsa ba

1/ Duk shekara NiMet na fitar da hasashen damina, NIHSA ta lissafo jihohin da ambaliya za ta iya ci. A yi taro a Abuja, a tafa, a watse. To daga nan wa ke kai maganar wurin mai unguwa?

2/ Ku tuna Maiduguri, Satumban 2024. Dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya iske mutane cikin dare. Ya ci Gwange, ya shiga Monday Market, har dabbobin gidan zoo suka fito gari. Dam ɗin nan fa ya taɓa jawo ambaliya a 1994. Shekara 30! Kar wanda ya ce min ba a sani ba.

3/ Ga abin da ke ƙona min rai. NEMA ta tarayya ce, SEMA ta jiha, dam kuma yana ƙarƙashin ma'aikatar ruwa ta tarayya. Kowa da ofishinsa, kowa da motarsa. Amma wa ke da alhakin cewa "ku tashi yanzu"? In abu ya faru sai nuna wa juna yatsa.

4/ Wasu za su ce ƙaddara ce. Na yarda, ruwa na Allah ne. Amma gyaran dam, yashe magudanai da tanadar kwale-kwale aikin mutum ne, kuma albashi ake biyansa.

5/ Raba shinkafa da tabarma gaban kyamara bayan an binne mutane, wallahi ba shiri ba ne.

6/ Kafin damina ta kankama, je ka tambayi kansilanku: in ruwa ya taso ƙarfe biyun dare, wa zai tashe mu, ina za mu nufa? Ka dawo nan ka faɗa min amsarsa.