Kafin ka sayi bakan da ka gani a TikTok

Idan kana yawo a TikTok ko YouTube, da wuya ba ka taɓa cin karo da bidiyon maharban Amurka ba: mutum a saman bishiya, ya ja wani baka mai gargare sama da ƙasa, ya saki kibiya kan barewar nan tasu mai farar wutsiya. Abin yana burge matasanmu, musamman masu karatu ko aiki a can, inda ake buɗe lokacin farautar baka da kaka. Kuma kusan kowa tambayarsa ɗaya: wanne ya fi ƙarfi, wanne ya fi gudu? Ɗan'uwa, ba nan ya kamata ka fara ba. Bakanka na farko shi ne wanda ya yi daidai da jikinka.

Fara da sanin yadda yake aiki. Wani Ba'amurke a jihar Misuri, Holless Wilbur Allen, shi ya ƙirƙiro shi, ya samu takardar mallakar fasahar a 1969. Gargaren da ke bakin bakan suna rage maka nauyi idan ka gama jan tsirkiya. Bakan da ke da nauyin ja laba 60, idan yana sauke kashi 80 cikin ɗari, laba 12 kawai za ka riƙe lokacin saiti. Amma fa sai ka ja laba 60 ɗin nan tukuna kafin ka isa wurin sauƙin. A nan ne son burgewa ke kayar da sabon shiga. Sai ya sayi mai laba 70, kusan kilo 32, don kar a ce shi rago ne, ya dinga ɗaga bakan sama yana nishi kafin ya ja, ƙarshe ya samu ciwon kafaɗa. Jihohi da dama ba sa neman fiye da laba 40 don harbin barewa, wasu ma ƙasa da haka. Gwada ja a zaune kan kujera, a hankali, ba tare da ka karkace ba. Idan ka kasa, ya fi ƙarfinka.

Na biyu, tsawon ja. Wannan bakan ba kamar na gargajiya ba ne da za ka ja iya inda hannunka ya kai. Yana da inda yake tsayawa cak. Buɗe hannuwanka, a auna daga ƙarshen yatsa zuwa ƙarshen yatsa da inci, ka raba da 2.5. Mai inci 70 zai fara daga 28. Idan ya yi maka tsawo, tsirkiya za ta riƙa dukan hannunka, saitinka kuma ya lalace. Shi ya sa zuwa da kai ya fi aike: ka je shagon masu sana'ar su auna ka, maimakon ka yi oda a intanet saboda hoto. Kamfanoni irin su Bear da Diamond suna yin bakunan da ake ƙara musu nauyi da tsawo a hankali, a haɗe da abin saiti da kwari, kan ɗaruruwan daloli. Manyan na Mathews ko Hoyt sukan haura dala 1,000 tun ba a ɗora musu komai ba.

Gudun da kake gani a talla kuwa, da laba 70 da inci 30 da kibiya mara nauyi ake auna shi. Naka ba zai kai haka ba, kuma ba komai. Yawancin harbin barewa da baka a kusa ake yin sa, wajen yadi 20 zuwa 30. Abin da ke kayar da ita shi ne kibiya mai kaifi ta shiga huhu, bayan kafaɗa.

Kada ka ɗauka kuɗinka da kafaɗarka kaɗai ke cikin haɗari. Kibiyar da ta kauce ta shiga ciki ko cinya, dabbar takan gudu da ita ta yi ta wahala kafin ta mutu a inda ba za ka gan ta ba. Bidiyo ba ya nuna maka wannan. Addininmu ya hana azabtar da dabba, maharban gargajiya ma ba sa yabon wanda ke barin nama ya tafi da rauni.

Don haka ka yi watanni kana harbin allo kafin ka shiga daji. Kada ka taɓa sakin tsirkiya babu kibiya, ko ka bar aboki ya yi don wasa, domin bakan na iya tarwatsewa a fuskarka. Ka yanki lasisi, ka yi kwas ɗin maharba idan jiharka ta ce sai da shi, ka kiyaye ranakun farauta. Idan kuma a gida kake, ka sani gandun daji irin Yankari ba wurin gwada baka ba ne. Ranar da ka iya zuba kibau biyar a jere cikin faɗin faranti daga yadi 20, to ka fara maganar barewa.