Tsohuwar Kwamfuta Ma Tana Shiga Hubusi

A ofisoshi da gidajenmu na Nassarawa GRA akwai kwamfutoci jibge a sito suna shan ƙura, alhali Islamiyyun maƙwabtanmu har yau a littafi suke rubuta sunayen marayu da kuɗin wata. Ranar da littafin ya jiƙe, lissafin amana ya salwanta.

Tun da kamfanin Microsoft ya daina sabunta Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, da yawa sun ɗauka amfaninsu ya ƙare. Sam. Linux Mint da LibreOffice kyauta ne, halas ne a kwafe su, kuma sun wadatar wajen rajistar ɗalibai da lissafin zakka. Sun fi mana manhajar sata, wadda muka saba sakawa ko a jikinmu.

Malikiyya sun halasta hubusin abin da ake iya ɗauka, kuma ya tabbata Khalid bn Walid (RA) ya yi hubusin sulkunansa. To, mu miƙa namu. Sai dai a goge bayanan ciki tukuna, a sauya batir saboda halin wutarmu, a kuma koya wa mutum biyu, kada ma'aji ya yi tafiya aiki ya tsaya.