Kakata da Tukunyar Iri



A wannan wata ba zancen taki ko na allurar dabbobi zan yi muku ba. Zancen kakata ne, wadda ta haifi babana. Allah ya yi mata rasuwa bayan girbi, a ƙauyenmu na ƙasar Tasawa. Ta bar ƴaƴa 6 da jikoki masu yawa.

Ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Amma ita ce ta riƙe gidanmu. Kowace shekara, kafin a ɗaure dammai, sai ta shiga gona ta zaɓi zangarniyar hatsi mafi cika, ta aje dabam. In ta sussuke, sai ta zuba cikin tukunya, ta liƙe bakin da laka. Wake kuwa tana gauraya shi da toka don kada ƙwari su ci. Wannan tukunya ba mai taɓa ta.

A 1984 damana ta ɓaci, Nijeriya kuma ta rufe iyaka. Ita ce shekarar da ake kira El Buhari. Maza suka tafi neman abinci. Kakata ta sai da jar akuyarta. Ta ciyar da yara da dusa da ganyen tafasa da ƴaƴan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin ɗacinsu ya fita. Babana ya ce har da kuka ya roƙe ta: "Inna, ki buɗe tukunyar nan." Ta ce: "Wanda ya ci iri, ya ci baɗi." Da ruwa ya sauka a 1985, gidanmu ya yi shuka ran farko. Maƙwabta ma ta auna musu a ƙwarya, ba ta karɓi ko dala ba.

Yunwar 2005 kuwa da idona na gani. Tukunyar ba ta buɗu ba sai ranar shuka.

Takan yi mini wasan jika. In ta gan ni da alli sai ta ce: "Maigidana, takarda tana cika ciki?" Amma duk shekara ni take kira in rubuta mata yawan damman da suka shiga rumbu.

To, ƴan uwa, ku duba. Da kaka muna sai da tiya da araha, da bazara mu saye ta da tsada, wani har irinsa ya ci. Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku ɗauki littafinku. Ku rubuta dami nawa kuka samu, nawa na ci, nawa na iri. Na iri a fara fid da shi, kafin biki, kafin kasuwa.

Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Sai wata mai zuwa.